Erasmus na Rotterdam: Limamin cocin da ya ɗora Wauta a kan mumbari

A shekarar 1511 aka buga wani ɗan littafi da harshen Latin a birnin Paris, wanda mai karatu zai iya gamawa a yini guda. A cikinsa wata mace ce mai suna Wauta ta hau mumbari tana yi wa kanta kirari, tana lissafa mabiyanta ɗaya bayan ɗaya: malaman makaranta, lauyoyi, 'yan kasuwa, fadawa, sarakuna, malaman addini, har zuwa kan Fafaroma. Wanda ya rubuta littafin limamin cocin Katolika ne mai digirin digirgir a ilimin tauhidi, kuma shi ne daga baya ya fara fitar da Sabon Alkawari a buge da harshensa na asali, wato Girkanci. Sunansa Desiderius Erasmus.

Erasmus ya yi imani cewa mutum zai iya yi wa masu riƙe da ragamar addini ba'a ba tare da ya taɓa addinin kansa ba, kuma cewa wani lokaci ba'ar hidima ce ga addinin. Ya shafe shekaru 25 na ƙarshen rayuwarsa yana kare wannan matsayi, a zamanin da Kiristancin Yammacin Turai ya dare gida biyu, kowane ɓangare yana neman ya ja shi gefensa ko ya tsine masa.

Maraya a gidan ruhubanawa

An haifi Erasmus a Rotterdam da ke ƙasar Holan ta yau, a rabin ƙarshe na shekarun 1460. Iyayensa ba su yi aure ba, mahaifinsa Gerard kuma limamin coci ne. Wannan tabo ya bi shi shekaru masu yawa, domin dokar coci ta hana irinsa riƙe wasu muƙamai sai da izini na musamman. Ya yi karatu a garin Deventer, inda ya fara ƙwarewa a Latin. Annoba ta kashe mahaifiyarsa, ba a jima ba mahaifinsa ya bi ta, aka bar shi da yayansa a hannun masu riƙo.

A cewarsa, waɗannan masu riƙo ne suka matsa masa lamba ya shiga gidan ruhubanawa, wato mazajen da ke keɓe kansu domin ibada, ba su aure, ba su mallakar dukiya. Ya shiga gidan da ke Steyn kusa da garin Gouda, aka naɗa shi limami a 1492. Zaman gidan bai karɓe shi ba, sai dai ya samu ɗakin karatu, kuma ya ga rayuwar ruhubanawa daga ciki. Duk zambon da ya yi musu daga baya zambon ɗan gida ne, wanda ya san inda rufin ɗaki ke yoyo.

Ƙwarewarsa a Latin ce ta fitar da shi. Bishop na Cambrai ya ɗauke shi magatakarda, sannan a 1495 ya ba shi damar zuwa Jami'ar Paris. A can ya sauka a kwalejin Montaigu, wadda ta yi suna wajen yunwa da tsanani, kuma har ya tsufa yana yi mata habaici a kan ruɓaɓɓen ƙwai da kwarkwata. Karatun tauhidin da ya tarar a jami'ar ya gundure shi, domin yawancinsa jayayya ce a kan tambayoyin da ba su ƙara wa kowa tsoron Allah.

Ingila da Italiya

Don neman abin sakawa a baka, ya riƙa koyar da 'ya'yan masu hali. Ɗaya daga cikinsu, wani matashin basarake Ba'ingile mai sarautar Mountjoy, ya gayyace shi Ingila a 1499. A can ya haɗu da mutane biyu da suka sauya masa alƙibla: John Colet, malamin da ke fassara wasiƙun Bulus manzo kai tsaye daga nassi, da Thomas More, matashin lauya mai kaifin harshe da son barkwanci. Da zai koma, jami'an kwastan a Dover suka ƙwace kusan duk kuɗin da ya tara, saboda dokar da ta hana fitar da zinariya da azurfa daga ƙasar.

Ya isa Paris hannu rabbana, sai ya yi sauri ya tattara karin maganar Girkawa da Rumawa na da kusan 800 tare da sharhi, ya buga a 1500 da sunan Adagia. Ya ci gaba da faɗaɗa littafin har ƙarshen rayuwarsa, adadin ya haura 4,000. A cikin sharhin yakan fake da karin magana ya soki sarakuna masu son yaƙi da zaluntar talakawa. A shekarun nan kuma ya koya wa kansa Girkanci, shi da More suka fassara ayyukan Lucian, wani marubucin zambo na ƙarni na 2.

A 1506 ya tafi Italiya, ya karɓi digirinsa a Turin. A watan Nuwamba na shekarar yana Bologna lokacin da Fafaroma Julius na 2 ya shiga birnin a gaban rundunar da ya jagoranta da kansa, cikin ado da bikin nasara irin na sarakunan Rumawa. Erasmus bai taɓa manta wannan gani ba. Mutumin da ake kira magajin Bitrus, mai kamun kifi, ga shi yana cin garuruwa da yaƙi.

Huɗubar Wauta

A 1509 sabon sarki, Henry na 8, ya hau gadon sarautar Ingila, abokai suka kira Erasmus ya dawo. A kan doki, yana ƙetare tsaunukan Alps, tunanin littafin ya zo masa. Ya sauka a gidan More a Landan yana fama da ciwon ƙoda, littattafansa kuma ba su iso ba, sai ya rubuta shi cikin kimanin mako guda. Ya sa masa suna Moriae Encomium, wato Yabon Wauta. Sunan kansa tsokana ce, domin kalmar wauta a Girkanci ta yi kama da sunan mai masaukinsa, har ana iya fahimtar taken a matsayin yabon More.

Dabarar littafin tana ga mai magana. Tun da Wauta ce ke huɗuba, duk wanda ta yaba ta kunyata shi, wanda kuma ya fusata ya amsa cewa da shi take. Marubucin yana da mafaka, domin yana iya cewa ai maganar wawa ce. Wanda ya san matsayin wawan sarki a fada zai gane lissafin: akwai gaskiyar da waziri ba zai iya furtawa ba, amma wawa ya faɗe ta sarki ya yi dariya. Wauta da kanta ta yi alfahari da wannan gata.

Da wasa ta fara. Ta ce ba don ita ba da babu namijin da zai yarda ya sa wuyansa a igiyar aure, babu macen da za ta sake haihuwa bayan ta ɗanɗani naƙuda, babu abotar da za ta ɗore idan kowa yana ganin aibin abokinsa ƙarara. A nan mai karatu yana dariya, yana kuma yarda da ita.

Daga nan murya ta sauya. Ta juya kan malaman tauhidi da ke ɓata shekaru suna muhawara a kan ko Allah zai iya bayyana a siffar jaki, ko kabewa, ko dutse, da yadda kabewar za ta yi wa'azi, tana cewa manzanni da kansu ba za su iya cin jarrabawar waɗannan malamai ba. Ta kwatanta ruhubanawan da ke ƙidaya ƙullin igiyar takalminsu da auna faɗin ɗamararsu, suna gudun taɓa kuɗi kamar guba amma ba su gudun giya, suna rera zaburar da ba su fahimta ba. Ta yi wa masu sayen takardun sassaucin azaba dariya, waɗanda ke lissafa shekarun da aka rage musu a lahira kamar ɗan kasuwa yana duba littafin bashi. Ta ce ɗan kasuwa ko soja ko alƙali yakan jefa ɗan tsaba daga abin da ya wawure, ya ɗauka ya wanke zunubin rayuwarsa, ya koma ya buɗe sabon shafi.

Bishop-bishop da kadinal-kadinal ma ba su tsira ba, domin ta ce sun mai da aikin kiwon garke ya koma kiwon aljihu. Da ta zo kan Fafaroma, sai ta lissafa abin da zai rasa idan ya yi koyi da rayuwar Almasihu: dukiya, dawakai, alfadarai, dogarai, haraji, ya maye gurbinsu da azumi da addu'a da hawaye. Ta ƙara da cewa tsofaffin da suka kusa kabari ne ke kunna wutar yaƙi da sunan kare coci.

Ɓangaren ƙarshe shi ne ya fi rikita masu karatu. Wauta ta ɗauko wasiƙun Bulus manzo, inda aka nuna cewa saƙon gicciye wauta ne a idon masu hikimar duniya. Ta tuna cewa, bisa Linjila, Yesu ya kusanto da yara da mata da masunta, ya hau jaki maimakon zaki. Mumini na gaske, wanda ke kyautar da dukiyarsa, yana yafe wa wanda ya cuce shi, mahaukaci ne a ma'aunin kasuwa da fada. Ta wannan hanya littafin ya raba wauta gida biyu, wautar masu amfani da addini don samun duniya, da wautar masu barin duniya don addini. Zambon da ke tsakiyar littafin yana samun ƙarfinsa ne daga wannan ma'auni na ƙarshe.

Ƙorafi da kariya

Littafin ya bazu kamar wutar daji, aka sake buga shi fiye da sau 30 Erasmus yana raye, aka fassara shi zuwa harsunan Turai da dama. Mai zane Hans Holbein, yana matashi, ya ƙawata gefen shafukan wani kwafi da zane-zanen barkwanci da har yau ake sake bugawa. Erasmus ya ba da labarin cewa Fafaroma Leo na 10, wanda ya gaji Julius, ya karanta littafin bai ji haushi ba.

Malaman tauhidi kam sun ji. A 1514 wani matashin malami a Jami'ar Louvain, Martin Dorp, ya rubuta masa wasiƙa yana cewa littafin ya zubar da mutuncin malamai a idon jama'a, ya shawarce shi ya rubuta yabon hikima don ya wanke kansa. Amsar da Erasmus ya bayar a 1515 ta zama ɗaya daga cikin fitattun hujjojin kare zambo. Ya ce bai ambaci sunan kowa ba, halaye ya soka, saboda haka wanda ya yi kuka shi ya tona kansa. Ya ce abin da Wauta ta faɗa da wasa shi ne abin da ya riga ya faɗa da gaske a littafinsa na 1503 kan tarbiyyar Kirista, kamar yadda likita ke shafa zuma a bakin kofin magani. More ma ya rubuta wa Dorp doguwar wasiƙa, daga bisani Dorp ya sauko.

Akwai wani rubutu da ya karya dokar rashin ambaton suna. Bayan mutuwar Julius a 1513, wata hira marar sunan marubuci ta fara yawo. A cikinta Julius ya isa ƙofar Aljanna da tawagar sojojin da suka mutu a yaƙoƙinsa, ya sa mabuɗi ya ƙi buɗewa, domin mabuɗin baitulmali ya ɗauko. Bitrus ya tambaye shi ayyukansa na alheri, shi kuwa ya shiga lissafa garuruwan da ya ci da kuɗin da ya tara. Da aka hana shi shiga, ya yi barazanar korar Bitrus daga coci da kawo wa Aljanna hari. Erasmus ya nisanta kansa daga rubutun, amma yawancin masana a yau suna ganin nasa ne.

Aikin da ba na dariya ba

A 1516 maɗaba'ar Johann Froben da ke Basel ta fitar da Sabon Alkawari na Girkanci da Erasmus ya tsara, gefe da gefe da Latin, tare da bayanan da ke nuna inda tsohuwar fassarar da coci ta dogara da ita ta kauce. Misali, kalmar da aka daɗe ana fahimta a matsayin yin kaffara, ya nuna cewa asalinta tuba ce da sauyin zuciya. Ya sadaukar da aikin ga Fafaroma Leo. A gabatarwa ya bayyana burinsa na ganin manomi a gona da masaƙi a kan masaƙarsa da mata a gida duk suna sanin nassi da harshensu. A shekarar ya rubuta wa yarima Charles, wanda daga baya ya zama sarkin daular Rum Mai Tsarki, littafin nasiha kan mulki, a 1517 kuma ya fitar da Kukan Zaman Lafiya, inda ya soki yaƙi tsakanin Kiristoci.

Bai daina zambo ba. Littafinsa na hirarraki, wanda asalinsa darasin Latin ne na ɗalibai, ya zama rumbun gugar zana. A wata hira jirgin ruwa na nitsewa, fasinjoji na ta yi wa waliyyai alƙawura. Wani ya yi bakancen kyandir mai girman gunki, da maƙwabcinsa ya tuna masa cewa duk dukiyarsa ba za ta saya ba, sai ya raɗa masa cewa idan ya taka tudu ko ɗan guntu ba zai bayar ba. Wadda ta fi kowa natsuwa a jirgin wata uwa ce rungume da jaririnta, tana addu'a a ɓoye. A wata hirar ya bi masu ziyara zuwa Walsingham da Canterbury, inda ake nuna musu kayan tarihi na tsarkaka da ba su da tabbas, ana miƙa musu akwatin sadaka.

Lokacin da dariya ta ƙare

A 1517 Martin Luther ya fito da hujjojinsa 95 a kan takardun sassaucin azaba, abin da Wauta ta riga ta yi wa dariya shekaru shida kafin nan. Da farko Erasmus ya nemi a saurari Luther maimakon a murƙushe shi. A 1520, da Frederick, mai mulkin Saxony kuma mai kare Luther, ya tambaye shi laifin mutumin, an ruwaito ya amsa cewa laifinsa biyu ne: ya taɓa rawanin Fafaroma, ya kuma taɓa tumbin ruhubanawa. Luther ya yi amfani da bugu na biyu na Sabon Alkawarin Erasmus wajen fassararsa ta Jamusanci.

Maƙiyansa a cikin Katolika suka ce shi ya saka ƙwan da Luther ya ƙyanƙyashe. Ya amsa cewa ƙwan kaza ya saka, abin da ya fito kuwa wani tsuntsu ne daban. Gyara yake so daga cikin gida, yana tsoron cewa tsagewar coci za ta kawo zubar da jini. Mabiya Luther suka ɗauke shi matsoraci. A 1524 ya rubuta littafi yana kare aƙidar cewa ɗan Adam yana da zaɓi a al'amarin cetonsa, Luther ya mayar da martani mai zafi a 1525, alaƙarsu ta yanke.

Daga nan barkwanci ya zama shaidar tuhuma. A 1526 malaman tauhidi na Paris suka yi Allah wadai da littafin hirarrakin. A 1529 aka ƙone Louis de Berquin, wanda ya fassara wasu ayyukan Erasmus zuwa Faransanci, bisa zargin bidi'a. A shekarar kuma masu goyon bayan sauyi suka farfasa gumaka da hotuna a majami'un Basel, Erasmus ya tattara ya koma Freiburg. More, wanda a gidansa aka rubuta Yabon Wauta, ya rubuta cewa a irin wannan zamani ya gwammace ya ƙone littafin da nasa ayyukan da a fassara su zuwa Turanci jama'a su yi musu muguwar fahimta. Erasmus ma ya nuna cewa da ya hango abin da ke tafe, da ya rubuta wasu abubuwa ta wata hanya.

Mutumin yana da nasa aibin. Mai iya tsokana ne amma ba ya jure a tsokane shi, ya ɓata lokaci mai yawa yana mayar da martani ga ƙananan masu suka. Yakan yi kwana idan magana ta yi zafi, abin da ya sa Luther ya kwatanta shi da kifi mai santsi. Wasiƙunsa na ɗauke da kalaman ƙiyayya ga Yahudawa, waɗanda suka saɓa wa sassaucin da yake wa'azi.

A watan Yulin 1535 Henry na 8 ya sa aka fille kan More saboda ya ƙi amincewa da sarki a matsayin shugaban cocin Ingila. A shekarar Fafaroma Paul na 3 ya nuna niyyar ɗaga Erasmus zuwa muƙamin kadinal, ya ƙi. Ya koma Basel don kula da bugun wani littafinsa, a can ya rasu a watan Yulin 1536. Ya mutu yana ɗan Katolika, aka binne shi a babbar majami'ar birnin, wadda a lokacin ta riga ta koma hannun Furotesta. A wasiyyarsa ya ware dukiya don ɗalibai marasa galihu, tsofaffi da gajiyayyu, da 'yan matan da ba su da kayan aure.

A 1559 Fafaroma Paul na 4 ya sa dukkan rubuce-rubucensa a jerin littattafan da aka haramta, har da waɗanda ba su shafi addini ba. An sassauta hukuncin a 1564, amma Yabon Wauta da hirarrakin suka ci gaba da zama a jerin. Hukuncin bai yi la'akari da iyakar da Erasmus ya shata wa kansa ba, cewa zambo ya nufi masu iko da halayensu, ya bar abin da talaka ke bautawa, kuma ma'aunin da za a auna shugabannin addini da shi ya fito daga littafin da su kansu suke karantawa. A yau jami'ar Rotterdam da babbar gadar birnin suna ɗauke da sunansa, haka ma shirin musayar ɗalibai na ƙasashen Turai da aka fara a 1987. Daga cikin tarin littattafan da ya kwashe shekaru yana wahala a kansu, wanda ya rubuta cikin mako guda yana jinya shi ne aka fi karantawa.